Cinikin Jiragen Mistral: Yadda Faransa Ta Ƙera wa Rasha, Ta Ƙare da Sayar wa Masar

A tsakiyar watan Nuwamba na 2014, wani katafaren jirgin ruwa na yaƙi samfurin Mistral yana tsaye a tashar Saint-Nazaire da ke gaɓar yammacin Faransa. An gama ƙera shi, an gwada shi a teku, an raɗa masa suna Vladivostok, kuma sojojin ruwan Rasha 400 suna garin tun ƙarshen watan Yuni suna koyon sarrafa shi. Rasha ta riga ta biya mafi yawan kuɗin, har ma an aika wa mataimakin firayim ministanta, Dmitry Rogozin, takardar gayyata zuwa bikin miƙa jirgin ranar 14 ga wata. Ranar ta zo ta wuce ba a yi biki ba, sannan a ranar 25 ga Nuwamba shugaba François Hollande ya sanar da cewa an jingine maganar miƙawa har sai abin da hali ya yi. Kafin shekara ta ƙare sojojin Rasha suka hau jirgin horaswarsu mai suna Smolny suka koma gida hannu rabbana.

An fi tuna wannan lamari a matsayin rikicin 2014, wato abin da ƙwace yankin Kirimiya da Rasha ta yi daga hannun Yukren ya jawo. Ni kuwa a nawa ganin, matsalar ta samo asali ne tun a 2010 da 2011, lokacin da aka ƙulla cinikin alhali alamun abin da zai biyo baya suna nan a fili, kuma abin da ya faru daga baya biyan bashin wannan shawara ne. Domin a fahimci haka, dole a fara da sanin wane irin jirgi ne ake magana a kansa.

Wane irin jirgi ne Mistral

Mistral sunan jirgi na farko ne, kuma da shi ake kiran dukan samfurin. Tsawonsa mita 199, faɗinsa mita 32, nauyinsa idan an yi masa lodi ya haura tan 21,000. Samansa fili ne shimfiɗaɗɗe mai gurabe shida na tashi da saukar jirage masu saukar ungulu, a ƙarƙashin filin akwai rumfar da ke ɗaukar manya-manyansu guda 16, sannan akwai hawa na motoci masu sulke da tankokin yaƙi. Abin da ya raba shi da jirgin dakon kaya yana can ta baya, inda aka yi wani faffaɗan ɗaki da ake cikawa da ruwa: jirgin ya ɗan nutsa ta baya, a buɗe ƙofa, ƙananan jiragen da ke ciki su fito ɗauke da sojoji da motoci su nufi bakin gaɓa. Saboda haka ba ya buƙatar tashar jiragen ruwa kafin ya sauke kayansa, kuma ba ya buƙatar izinin mai gaɓar. Yana ɗaukar soja 450 a doguwar tafiya, ko 900 idan tafiyar gajeriya ce, yana da asibiti mai gado 69 da ɗakunan tiyata biyu, da kuma babban zaure cike da na'urorin sadarwa inda kwamandoji za su zauna su ja ragamar yaƙi baki ɗaya.

Injiniyoyin Faransa sun ƙera shi ne bisa ƙa'idojin da suka yi kusa da na jiragen kasuwanci, shi ya sa ya yi arha idan aka kwatanta da takwarorinsa na Amurka, kuma ma'aikatan da ke tuƙa shi ba su kai 200 ba. Makaman da ke jikinsa kaɗan ne ƙwarai, don haka ba ya shiga wuri mai haɗari sai da rakiyar wasu jiragen. Wannan siffa tasa ita ce ta buɗe ƙofar gardamar da aka shafe shekaru ana yi, domin mai son sayar da shi yana iya cewa babbar motar dako ce kawai ta kan ruwa, wanda yake zaune a gaɓar da za a iya sauke sojojin kuwa ya san abin da yake gani. Tarihin aikinsa a hannun Faransa ya gaskata kowane ɓangare. A 2006, yana sabo fil, Mistral ya kwashe mutane daga Labanan lokacin yaƙin Isra'ila da Hizbullah. A 2011 daga kan Tonnerre, jirgi na biyu, jirage masu saukar ungulu suka riƙa tashi suna kai hare-hare a Libiya. A Janairun 2013 kuma Dixmude, na uku, shi ya yi dakon motoci masu sulke daga Toulon zuwa Dakar domin yaƙin da Faransa ta shiga a Mali.

Yadda aka ƙulla cinikin

Duk da yabon da jirgin ya sha, Faransa ta daɗe ba ta samu mai saye a waje ba. A 2007 Ostireliya ta duba shi, ta zaɓi samfurin kamfanin Navantia na Sifaniya. Bayan haka sai ga durƙushewar tattalin arzikin duniya ta 2008, wadda ta sa odar manyan jiragen yawon buɗe ido ta ja baya, alhali da su ma'aikatar Saint-Nazaire take rayuwa. Shi kansa Dixmude an ba da odarsa ne a 2009 a cikin shirin gwamnati na farfaɗo da tattalin arziki, domin kada ma'aikata su zauna babu aiki. A cikin wannan hali ne Rasha ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Ita ma Rasha tana da nata dalilin. Yaƙin kwana biyar da ta yi da Jojiya a watan Agustan 2008 ya ƙare da nasara a gare ta, amma ya tona asirin tsufan kayan aikinta da raunin sadarwa tsakanin rundunoninta. Jiragen sauke sojoji da take da su, akasarinsu an ƙera su ne a Gdansk ta ƙasar Poland tun zamanin Tarayyar Sobiyat, kuma sabon da ta fara ƙerawa a 2004, Ivan Gren, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, bai shiga aiki ba sai a 2018. Ministan tsaro na lokacin, Anatoly Serdyukov, ya yi imani da cewa sayen kayan waje zai kawo fasaha, ya kuma girgiza masana'antun cikin gida da suka saba cin kasuwa babu abokin takara. A watan Satumban 2009 babban hafsan sojin ruwan Rasha, Admiral Vladimir Vysotsky, ya faɗi maganar da har yau ake maimaitawa, cewa da rundunarsa ta Bahar Aswad tana da irin wannan jirgi a yaƙin Jojiya, da aikin da ya ɗauke ta awa 26 ta gama shi cikin minti 40. Bayan wata biyu Mistral ya kai ziyara Saint Petersburg, jirage masu saukar ungulu na Rasha samfurin Kamov suka sauka a kansa don gwaji.

Wannan furuci na Vysotsky shi ne ginshiƙin hukuncina a kan lamarin. Ba a saba jin mai sayen makami ya fito fili ya faɗi irin aikin da yake son yi da shi ba, amma a nan ya faɗa, kuma misalin da ya kawo shi ne mamayar maƙwabciyar ƙasa. Shugaba Nicolas Sarkozy ba baƙo ba ne ga wannan yaƙi, domin shi ne ya shiga tsakani aka tsagaita wuta a 2008, kuma ya san sojojin Rasha sun zauna daram a Abkhazia da Ossetia ta Kudu, yankunan Jojiya da suka ɓalle, bayan haka. Jojiya ta koka, ƙasashen Estoniya da Latbiya da Lituweniya sun koka, sanatocin Amurka shida ciki har da John McCain sun rubuta wasiƙar ƙin amincewa, sakataren tsaron Amurka Robert Gates ya nuna damuwarsa a Paris a Fabrairun 2010. Babu wanda zai ce ba a gargaɗi Faransa ba.

Adalci ya wajabta a kawo hujjar Sarkozy yadda take, domin ba ta wofi ba ce. Lokacin Dmitry Medvedev ne yake shugabancin Rasha, gwamnatin Obama tana ƙoƙarin gyara dangantaka da Mosko, an sa hannu kan sabuwar yarjejeniyar rage makaman nukiliya a Afrilun 2010, kuma Medvedev ya halarci taron ƙolin NATO a Lisbon a ƙarshen shekarar. Sarkozy ya riƙe cewa ba zai yiwu a nemi goyon bayan Rasha kan batun Iran da Afganistan, a kira ta abokiyar tafiya, sannan a ce ba a yarda da ita a ciniki ba. Jami'ansa suka ƙara da cewa idan Faransa ta ƙi, Sifaniya ko Holand za su karɓa, kuma jirgin ba da makamai za a miƙa shi ba. Fadar Elysee, wato fadar shugaban Faransa, ta sanar da cewa aikin zai riƙe ma'aikata 1,000 na tsawon shekara huɗu. Raunin wannan hujja shi ne ta haɗa abu biyu da tsawon ransu ya sha bamban: yanayin siyasa yana iya juyawa cikin wata guda, jirgin yaƙi kuwa yakan yi shekara talatin zuwa arba'in yana aiki, kuma wanda ya sayar ba shi da ta cewa kan inda za a tura shi bayan ya bar tasha.

A ranar 25 ga Janairun 2011 aka sa hannu kan yarjejeniyar gwamnati da gwamnati a Saint-Nazaire, Alain Juppé a madadin Faransa, Igor Sechin a madadin Rasha. Kwangilar kanta an rattaba mata hannu ranar 17 ga Yuni a Saint Petersburg, tsakanin kamfanin ƙera jiragen yaƙin ruwa na Faransa, DCNS, da kamfanin cinikin makamai na gwamnatin Rasha, Rosoboronexport, kan jirage biyu a kan kuɗi kimanin Yuro biliyan 1.2, tare da zaɓin ƙera wasu biyu a Rasha. Ba a taɓa yin cinikin kayan yaƙi mai wannan girma tsakanin wata ƙasar NATO da Rasha ba. Abin da ya fi jan tattaunawar shi ne batun fasaha, musamman na'urorin haɗa bayanan yaƙi da na sadarwa, wanda ya nuna cewa Rashawa ba ƙarfen jirgin kaɗai suke nema ba.

Aikin ya tafi lami lafiya. An yi wa jiragen gyare-gyare irin na mai saye: an ƙarfafa jikinsu saboda ƙanƙara, an ɗaga rufin rumfa domin jiragen Kamov masu farfela biyu a kan juna sun fi na Faransa tsawo, Rasha kuma ta shiga ƙera samfurin Ka-52 na teku musamman dominsu. Sashen baya na kowane jirgi an ƙera shi ne a ma'aikatar Baltic da ke Saint Petersburg, aka jawo shi ta teku zuwa Faransa aka haɗa da na gaba. An saka Vladivostok a ruwa a Oktoban 2013. Na biyun an sa masa suna Sevastopol, sunan tashar Kirimiya da Rasha take haya a hannun Yukren a lokacin. A cikin Rasha kuwa cinikin ya rasa uban gida tun da aka tuɓe Serdyukov a Nuwamban 2012, aka ɗage maganar ƙarin jirage biyun, kuma Rogozin, wanda ke kula da masana'antun tsaro, bai taɓa ɓoye ƙyamarsa ga sayen kayan waje ba.

Watanni tara na jan ƙafa

Da Rasha ta ƙwace Kirimiya a Maris na 2014, Hollande ya tarar da kansa gaba kura baya sayaki a kan kwangilar da ya gada. Idan ya miƙa, ya ba wa ƙasar da ta canza iyakar Turai da ƙarfin soja kayan aikin da aka ƙera domin irin wannan aiki. Idan ya hana, zai mayar da kuɗi, wataƙila da tara, zai fusata ma'aikatan Saint-Nazaire, kuma masu sayen makaman Faransa za su fara tambayar ko kwangila da ita abin dogaro ce. Wannan tsoro na ƙarshe shi ya fi nauyi a Paris, domin a lokacin ana tsakiyar tattaunawa da Indiya kan jiragen saman yaƙi na Faransa samfurin Rafale, waɗanda har zuwa wannan shekara ba su samu mai saye a waje ba.

Abin da gwamnatin ta zaɓa shi ne jira. An bar sojojin ruwan Rasha suka iso ranar 30 ga Yuni, wata uku bayan Kirimiya. Ranar 17 ga Yuli aka harbo jirgin fasinja na Malesiya a gabashin Yukren, mutum 298 suka mutu, amma bayan 'yan kwanaki Hollande ya ce za a miƙa jirgi na farko tun da Rasha ta biya, na biyun kuma ya danganta ga halin da Mosko ta nuna. Firayim ministan Birtaniya David Cameron ya ce a ƙasarsa ba za a ko yi tunanin cika irin wannan ciniki ba, Faransawa suka mayar masa da martani da batun dukiyar attajiran Rasha da ke jibge a Landan. Takunkumin makamai da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba a ƙarshen Yuli an rubuta shi ne yadda bai shafi tsofaffin kwangiloli ba, kuma kowa ya san wa aka yi wa wannan sassauci. Jamus ba ta fake da shi ba, a watan Agusta ta soke izinin kamfanin Rheinmetall na kammala cibiyar horar da sojoji a Rasha, ko da yake kuɗin wannan aiki kusan kashi ɗaya ne cikin goma na kuɗin Mistral.

Sai da sojojin Yukren suka sha mummunan kaye a garin Ilovaisk da ke gabashin ƙasar a ƙarshen Agusta, hannun sojojin Rasha ya fito ƙarara, sannan Fadar Elysee ta sanar ranar 3 ga Satumba cewa sharuɗɗan miƙawa ba su cika ba. Washegari ne za a buɗe taron ƙolin NATO a Wales, kuma da wuya a raba wannan sanarwa da kunyar da Hollande zai sha a gaban takwarorinsa. Sharuɗɗan da ya gindaya su ne tsagaita wuta da sasantawa ta siyasa a gabashin Yukren, waɗanda yarjejeniyar sulhu ta Minsk ta farko da ta biyu duka suka kasa samarwa. A gida ya sha suka daga ɓangarori masu nisa da juna, daga Marine Le Pen mai tsattsauran ra'ayin kishin ƙasa har zuwa Jean-Luc Mélenchon mai ra'ayin gurguzu, kowa yana zarginsa da saɓa alkawari don faranta wa Amurka. Ina ganin hanawar ita ce daidai, amma jan ƙafar ya ƙara tsadar lamarin ba tare da ya sayo komai ba: an ci gaba da horar da sojojin da ba za su tafi da jirgi ba, an ƙarasa Sevastopol, kuma ƙasashen gabashin Turai sun shafe rabin shekara suna kallon abokiyar ƙawancensu tana auna tsaronsu da kuɗi.

Wannan ba shi ne karon farko da Faransa ta riƙe jiragen da aka biya ba. A 1969 ta hana Isra'ila ƙananan jiragen makamai masu linzami guda biyar, har Isra'ilawa suka sulale da su daga tashar Cherbourg a daren jajiberin Kirsimeti. A 1977, bayan Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumin makamai, Faransa ta riƙe jiragen yaƙi biyu da jiragen ƙarƙashin teku biyu, na farkon suka tafi Ajantina, na biyun Pakistan. Duk ƙasar da ke sayen makami a waje tana cikin wannan haɗari, kuma a wannan shekara ta 2014 ɗin Najeriya ta ɗanɗana nata, lokacin da Amurka ta hana a sayar mata da jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra ana tsakiyar yaƙi da Boko Haram.

Rabuwa da lissafin asara

Bayan watanni na tattaunawa tsakanin Louis Gautier a ɓangaren Faransa da Rogozin a ɓangaren Rasha, Hollande da Putin suka cimma matsaya ranar 5 ga Agustan 2015. Faransa ta mayar da Yuro miliyan 949.7, wanda kusan miliyan 893 daga ciki kafin alƙalamin da Rasha ta biya ne, sauran kuma na horar da sojoji da makamantansu. Babu tara, babu zuwa kotu. An kwance na'urorin Rasha daga jikin jiragen aka mayar mata, Faransa kuma ta samu cikakken ikon mallaka da damar sayarwa ga wani.

Rasha ba ta fita da hasara ta fuskar kuɗi ba. Lokacin da aka ƙulla cinikin Yuro ɗaya yana kusan Rubul 40, lokacin da aka mayar da kuɗin kuwa yana dab da 70, saboda faɗuwar farashin mai da takunkumi, don haka abin da ya dawo baitulmalinta ya fi abin da ya fita nesa ba kusa ba idan aka lissafa da kuɗin gida. Ƙwarewar da ma'aikatan Baltic suka samu wajen ƙera sassan baya kuma ba abu ba ne da za a iya karɓewa. Abin da ta rasa shi ne jiragen kansu da kuma lokaci. A ɓangaren Faransa, kwamitin kuɗi na majalisar dattawa ya ƙiyasta cewa ko bayan sake sayarwa, gwamnati za ta ɗauki asarar tsakanin Yuro miliyan 200 zuwa 250, ta hanyar inshorar fitar da kaya da take bai wa kamfanoninta. Tsoron zubewar mutunci a kasuwa kuwa bai tabbata ba ko kaɗan, domin a cikin wannan shekara ta 2015 Masar ta sayi Rafale 24, Katar ta sayi 24, Indiya kuma ta sanar da sayen 36. Hujjar da aka fi jingina da ita wajen jan ƙafa ita ce ta fara rushewa.

Masar ta shigo

Saura tambayar abin da za a yi da jirage biyu da ke cin kuɗin kulawa kowane wata. Rundunar sojin ruwan Faransa ba ta so, domin a 2013 ma an soke shirin ƙera mata na huɗu saboda ƙarancin kuɗi. Wasu 'yan majalisar Amurka sun ba da shawarar NATO ta saya ko ta yi haya, ba a kula su ba. Sai faɗuwa ta zo daidai da zama: washegarin rabuwa da Rasha, ranar 6 ga Agusta, Hollande yana Masar a matsayin babban baƙo wajen bikin buɗe sabon reshen mashigin Suez. Ranar 23 ga Satumba aka sanar da cewa shi da shugaba Abdel Fattah al-Sisi sun daidaita, a watan Oktoba aka sa hannu a Alƙahira kan kimanin Yuro miliyan 950, kuma rahotanni da dama sun danganta wani ɓangare na kuɗin ga tallafin Saudiyya. An miƙa na farko a watan Yunin 2016 da sunan Gamal Abdel Nasser, na biyu a Satumba da sunan Anwar El Sadat. Mosko ba ta nuna adawa ba, domin Masar abokiyar cinikinta ce, kuma a daidai wannan lokaci ta ba da odar jiragen Ka-52 guda 46.

Masar tana da dalilan da za ta iya nunawa. Tana da gaɓa a teku biyu, yaƙin Yaman ya ƙazanta a Maris na 2015 a bakin mashigin Bab al-Mandab wanda kuɗin shigar Suez ya dogara da shi, Libiya ta wargaje a yammacinta, kuma a Agustan wannan shekara aka gano babban filin iskar gas na Zohr a ruwanta na Bahar Rum. Akwai kuma darasin da ta koya a Oktoban 2013, lokacin da Amurka ta dakatar da miƙa mata jiragen F-16 da Apache bayan hamɓarar da Mohamed Morsi, abin da ya sa Sisi ya ƙudurta rarraba hanyoyin samun makamai tsakanin Faransa da Rasha da Jamus. A Janairun 2017 ta kafa runduna ta kudu a Safaga a gaɓar Bahar Maliya. Duk da haka gaggawar cinikin ta bar gurbi, domin an cire na'urorin Rasha ba a maye gurbin kariyar sama ba, har a atisayen 2017 aka ga motocin harbo jirage samfurin Avenger a ɗaure a kan filin jirgin suna yin wannan aiki.

Abin da ya fi damuna a wannan mataki shi ne tambayar da ba a yi ba. Shekara biyu kacal kafin cinikin, ranar 14 ga Agustan 2013, jami'an tsaron Masar sun kashe ɗaruruwan masu zaman dirshan a dandalin Rabaa da ke Alƙahira, kuma ƙasashen Tarayyar Turai sun amince su dakatar da fitar da kayan da za a iya murƙushe jama'a da su. Gaskiya ne jirgin ruwa mai tan 21,000 ba da shi ake tarwatsa zanga-zanga ba, kuma Masar ba ta mamaye maƙwabciya ba. Amma ciniki irin wannan yana ɗaure mai sayarwa da mai saye na shekaru, ta hanyar gyara da horaswa da kayan maye, kuma yana rage ƙarfin muryar mai sayarwa a kan duk abin da mai saye zai aikata. A 2018 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan yadda aka yi amfani da motoci masu sulke ƙirar Faransa wajen danne masu zanga-zanga a Masar, cinikin makamai tsakanin ƙasashen biyu kuma bai tsaya ba. Ma'aunin da aka yi amfani da shi a 2015 shi ne na 2011, wato wane ne yake da kuɗi kuma yake shirye yanzu. Zuwa yau dai aikin jiragen a hannun Masar ya fi karkata ga atisaye da Faransa da Girka da Sayifurus, kuma a Satumban 2023 an tura ɗaya gaɓar Libiya ya yi aikin asibiti bayan ambaliyar Derna.

Abin da 2022 ta nuna

Lokacin da ake gardama, jami'an Rasha sun riƙa cewa jiragen na rundunar tekun Pasifik ne, domin tsaron tsibiran Kuril da take jayayya da Japan a kansu. A Fabrairun 2022, makonni kaɗan kafin mamayar Yukren, Rasha ta kwaso jiragen sauke sojoji guda shida daga rundunoninta na Baltic da na Arewa ta shigar da su Bahar Aswad kafin Turkiyya ta rufe mashiginta ga jiragen yaƙi, wanda ya nuna cewa inda aka rubuta wa jirgi zama ba ya hana a kai shi inda ake buƙatarsa. Ba na da'awar cewa Mistral biyu za su canza sakamakon yaƙin. Rasha ba ta iya sauke sojoji a Odesa ba, an lalata jirginta na sauke sojoji Saratov a tashar Berdyansk a watan Maris, babban jirgin yaƙinta Moskva ya nutse a Afrilu, ta rasa wasu jiragen sauke sojoji biyu, Novocherkassk da Tsezar Kunikov, daga baya, kuma babban jirgi mai raunin kariya zai kasance abin hari mai sauƙi a wannan teku. Amma a makonnin farko, kafin Yukren ta samu ƙarfin kare gaɓarta, jirage masu saukar ungulu fiye da talatin da ke iya tashi daga teku za su tilasta mata ajiye ƙarin dakaru a kudu a daidai lokacin da babban birninta Kyiv yake buƙatar kowane soja.

Rasha ta yi ƙoƙarin cike gurbin da kanta. Ranar 20 ga Yulin 2020 Putin ya halarci bikin fara ƙera manyan jirage biyu masu irin wannan aiki, Ivan Rogov da Mitrofan Moskalenko, a ma'aikatar Zaliv da ke Kerch a cikin Kirimiyar da aka ƙwace. A Nuwamban 2023 makamai masu linzami na Yukren sun faɗa wa ma'aikatar suka lalata wani ƙaramin jirgin yaƙi da ke can, kuma har ƙarshen 2024, shekara goma bayan ranar da aka tsara miƙa Vladivostok, babu ko ɗaya daga cikin jiragen biyu da ya shiga aiki.